Wutar Sola ta Kasuwa: Shekara Biyu Ina Saye a Shagon Ɗinki

Sana'ata ɗinki, kuma shagona yana cikin wata ƙaramar kasuwar unguwa a birnin Kano, irin kasuwannin nan da ƙaramar hukuma ta gina tun da daɗewa ta ba da hayar shagunansu, waɗanda da rana ake cinikin kayan masarufi a gabansu, da dare kuma teloli da masu aski da masu cajin waya su ci gaba da aiki a layin baya. Ina da kekuna huɗu, biyu na ɗinki, ɗaya na wibin, ɗaya na aikin wuya, da yara uku da ke koyon sana'a a hannuna. A ƙarshen shekarar 2023 wani kamfani ya kafa farantan sola a kan rufin layinmu, ya gyara wani shago da ba kowa a ciki ya jera batura, ya ja waya zuwa shagunan da suka amince, ya sa wa kowa mita, ya shiga sayar mana da wuta kamar yadda ake sayar da katin waya. Ina cikin rukunin farko da suka karɓa, kuma tun daga lokacin ban yanke ba. Zan sakaya sunan kamfanin, domin ina da yabo a kansa ina kuma da ƙorafi, kuma ƙorafin nawa wani sashensa bai tsaya a kan kamfanin shi kaɗai ba.

Abin da ya kai ni ga sola lissafi ne, ba sha'awa ba. Kafin zuwansu janareta ne ke riƙe da shagon, domin wutar layi ba a gina alkawarin ɗinki a kanta. A ranar aiki ta yau da kullum ina ƙona lita huɗu ta fetur, a lokacin Sallah kuwa ta kan ninka. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200, wannan bai kai naira 800 a rana ba, kuma kuɗin ɗinkin riga ɗaya ya biya shi har da ragi. Daga ranar 29 ga Mayu 2023, da shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a nan Arewa. Wato litar nan huɗu da ba na ko lissafa ta a da, ta zama sama da naira 4,000 a kowace rana, ban da baƙin mai da fulogi da kuɗin bakanike. Akwai kuma abin da ba ya shiga littafin lissafi: ƙarar injuna goma sha a layi ɗaya wadda ke sa sai an ɗaga murya kafin a auna mutum, hayaƙin da ke kama farar shadda har mai kaya ya sunsuna ya dube ka, da jarkar fetur da ke ajiye a tsakanin yadi da zare. Duk ɗan kasuwar Kano da ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016, wadda ta cinye shaguna sama da 3,000 a dare ɗaya, ya san me ake nufi da kwana da fetur a cikin kaya. Bayan wannan gobara ne Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ta tarayya ta sa Sabon Gari cikin shirinta na kai wuta kasuwanni, tare da kasuwar Ariaria ta Aba da rukunin shagunan Sura na Legas, kuma daga nan ne ƙananan kamfanoni irin namu suka ga cewa akwai ciniki a sayar wa 'yan kasuwa wutar rana.

Yadda suka haɗa ni ya burge ni, kuma har yau ina yaba musu a kai. Kafin a ja waya ko ɗaya, wani matashin injiniya ya zo da na'urar awo ya zauna a shagon kusan awa biyu, yana jona kowane keke yana rubuta abin da yake sha. Da ya zo kan kekunan ɗinkin biyu sai ya ce mini: "Maigida, wannan moton naka ko kana ɗinki ko kana hira da baƙo, shan wuta yake yi." Gaskiyarsa ce. Tsohon moto mai kuloci da zarar an kunna shi juyawa yake yi ba tsayawa, taka feda kawai haɗa shi da keken yake yi, alhali sabon samfurin da ake sayarwa yanzu ba ya motsi sai an taka, kuma ba shi da wannan gunjin da muka saba da shi har muka daina ji. Ya ba ni shawara in sauya motocin biyu da ƙwayayen fitila kafin in zaɓi rukunin da zan shiga, domin kada in sayi wutar da zan ƙona a banza. Mai sayar da kaya da zai koya maka yadda za ka rage sayen kayansa ba kullum ake samunsa ba. Na bi shawararsa, kuma kuɗin motocin ya dawo mini tun kafin damina ta faɗi.

Biyan kuɗi ba shi da wahala. Ana turawa ta waya ko ta wurin masu POS na bakin kasuwa, saƙo ya shigo, mita ta karɓa, kuma kowane lokaci mutum yana iya duba abin da ya rage masa. Ba a taɓa kawo mini takardar ƙiyasi ba, ba a kuma taɓa cewa in biya wutar da ban sha ba. Idan na haɗa duka, abin da nake kashewa a wata bai kai rabin abin da fetur zai ci mini a farashin yanzu ba. Wutar ba ta da arha idan aka auna ta da ma'aunin kilowat, domin ta fi naira 225 ɗin nan da aka sa wa 'yan rukunin A na wutar layi, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, a watan Afrilu 2024, amma tela ba da wutar layi yake gwada ta ba, da janareta yake gwada ta, kuma a nan ba su haɗa hanya ba. Ƙarfinta kuma daidai yake, ba ta hawa ba ta sauka, wanda keken aikin wuya mai ƙwaƙwalwar kwamfuta yake matuƙar buƙata. A zamanin janareta sau biyu allonsa yana ƙonewa.

Ranar da na fi ganin darajarta ita ce a watan Oktoba 2024, lokacin da mafi yawan jihohin Arewa suka shafe kusan kwana goma cikin duhu, bayan an lalata layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir da ya rage shi ma ya faɗi. Ƙanƙara ta yi tsada, masu niƙa sun ƙara kuɗi, ruwan garuwa ya yi wuya domin rijiyoyin burtsatse ba su da abin tayar da famfo. Mu kuwa layinmu yana haskakawa kamar ba abin da ya faru. Damina ta ɗauke, sama ta yi tas, hazo bai sauko ba tukuna, saboda haka farantan suna cika batura tun kafin azahar. Na ga dattawan unguwa da ba su taɓa shigowa layin teloli ba suna zaune a kan bencin shagona da wayoyi a hannu suna jiran soket, har da wata ungozoma da ta kawo fitilarta ta caji a cikin leda ta ce da ita take karɓar haihuwa da dare. Kamfanin bai ƙara ko kwabo a kan farashi ba a waɗannan kwanaki, alhali da ya ƙara ba mai iya cewa uffan. Wannan ma na rubuta masa shi a shafin alheri.

Da rana ke nan. Dare kuwa labarinsa daban, kuma a nan ne ƙorafina mafi girma yake. A shekarar farko wuta takan kai mu har sha biyun dare, wani lokaci ta wuce. A shekara ta biyu sai ta fara ɗaukewa da sha ɗaya, sannan goma, har ta kai ga ƙarfe tara ma ba tabbas. Tela kuwa kowa ya san rabin cinikinsa na shekara yana cikin azumi, musamman goman ƙarshe, lokacin da ake buɗe shago bayan tarawi a yi ta aiki har sahur. A daren 27 ga watan azumin 2025 ina da kayan Sallah na gida ɗaya, uba da 'ya'yansa maza biyar, an gama yanka, an gama haɗa jiki, aikin wuya kawai ya rage, allura tana tsakiyar zane a kan rigar uban, sai fitila ta yi ƙifta biyu ta mutu. Ƙarfe tara da kwata. Muka jawo janaretan da na yi wata shida ban tayar ba daga ƙarƙashin teburin yanka, ya ƙi tashi domin tsohon mai ya daskare a kafireto, ƙaramin yarona ya bi gidajen mai da jarka a cikin daren, muka kwance muka wanke da hasken waya. Sai wajen ƙarfe ɗaya keke ya sake juyawa, kuma zanen da ya tsaya a tsakiya sai da aka warware shi aka soma daga farko. Kayan sun fita ranar jajibiri da yamma, mai kayan bai ce komai ba, amma irin shirun da ya yi na san ma'anarsa.

Bayan Sallah muka je ofishinsu mu huɗu tare da shugaban teloli. Manajan ya karɓe mu da mutunci, bai yi mana hanya-hanya ba. Ya ce baturan da suka sa irin masu ruwa ne na dalma, waɗanda ba a so a zuƙe su fiye da rabi, kuma zafin bazarar Kano, da ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, yana rage musu kwana, musamman a ɗakin da ba shi da isasshiyar iska. Ya ce sun tsara sauya su da na lithium, waɗanda suka fi jure zuƙa da yawan caji, amma sun yi lissafinsu ne tun dala tana wajen naira 460, kuma kafin watan Fabrairu 2024 ya ƙare ta wuce naira 1,500, alhali batir da inbata da farantai duk daga waje ake shigo da su, mu kuma da naira muke biya. Na fahimci wannan uzuri, domin ni ma zaren aiki da allura sun yi mini irin wannan tsalle. Abin da ban karɓa ba shi ne wanda bai faɗa ba sai da shugabanmu ya tambaye shi: "Ranka ya daɗe, shaguna nawa kuka haɗa a farko, nawa ne yanzu?" Sai ya zamana an kusa ninka yawan shagunan a kan baturan nan dai, ba a ƙara ko ɗaya ba. Tulu ɗaya ne aka ƙara masa masu sha. Kamfani yana da haƙƙin neman ciniki, amma wanda ya karɓi kuɗin mutum a kan wutar dare ya wajaba ya gaya masa ranar da dare ya gajarta, tun kafin ya karɓi kayan mutane ya yi alkawari. Da saƙo ɗaya suka turo a farkon azumi cewa kowa ya gyara janaretansa, da ban rubuta wannan sakin layi ba. Wani abin takaici a gefe shi ne, lithium ɗin nan da ake cewa ya fi ƙarfinmu ana haƙo dutsensa a jihar Nasarawa, a fita da shi, ya dawo mana a cikin akwati da farashin dala.

Sai batun dutsen guga. Mitar tana da iyakar nauyin da take ɗauka, kuma dutsen guga na lantarki shi kaɗai yana shan sama da wat 1,000, ya fi kekunana huɗu idan an haɗa su. Da zarar an jona shi mita ta yanke, sai an jira ta dawo. Na gane dalilin, domin in teloli ashirin suka jona dutse lokaci ɗaya inbata ba za ta kai labari ba. Amma ɗinki ba ya fita ba guga, saboda haka duk layinmu mun koma dutsen gawayi, wanda wasunmu suka rabu da shi shekaru da yawa. Kowace safiya yanzu akwai yaro a bakin kowane shago yana fifita garwashi, kuma buhun gawayin nan daga dazukan da ake sarewa ake lodo shi a manyan motoci. A takardar tallan kamfanin an zana ganye kore an rubuta yawan hayaƙin da aka rage ta hanyar kashe janareta, amma ba wanda ya lissafa bishiyar da ta shiga dutsen guga. Na ba su shawara tun bara su keɓe wuri ɗaya na guga da tsakar rana, daga sha ɗaya zuwa uku, lokacin da batura suka cika kuma farantai ke samar da wutar da ba inda za a zuba ta, a riƙa biya da awa. Sun ce shawara ce mai kyau. Har yanzu tana nan a matsayin shawara.

Hunturu ma yana da nasa. Idan hazo ya sauko daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura takan kwanta a kan farantan har mutum ya iya rubuta sunansa da yatsa, ga kuma ranar kanta ta dusashe. Maganinsa wanki ne a kai a kai, wanki kuwa sai da ruwa, kasuwarmu kuma famfonta ya kafe tun kafin in kama shago. Da garuwa ake saye a hau da shi tsani, a kan rufin kwanon da ya tsufa har ana tsoron taka shi. Ma'aikaci ɗaya ne ke wannan aiki a layuka uku, kuma ba na ganin laifinsa idan ya yi mako bai zagayo ba.

Rufin nan shi ne ya nuna mini inda gizo ke saƙa. A daminar 2024 ruwa ya fara ɗiga a shagona daidai inda aka huda kwano aka ɗaure ƙarfen farantai, ya sauka a kan yadin wata amarya da ke rataye, ya bar masa tabon tsatsa da ba ya fita. Ni na biya yadin. Da na kai kuka kamfanin, suka turo aka liƙe hujin washegari, amma suka ce kwanon ya riga ya ruɓe, kuma sauya shi ba nasu ba ne domin ginin na ƙaramar hukuma ne. Da na je sashen kula da kasuwanni na ƙaramar hukuma, jami'in da na tarar ya ce: "Malam, wanda ya hau rufi ya huda shi ne zai gyara," ya kuma tuna mini cewa kuɗin hayata na shekara ya kusa. Na yi sati uku ina kai da komowa tsakanin ofisoshin biyu, daga ƙarshe ni da maƙwabtana biyu muka haɗa kuɗi muka sayi kwano. A cikin wannan daminar ce kuma magudanar da ta bi ta bayan kasuwa ta toshe da leda da robobin lemo, ruwa ya tumbatsa ya shiga ɗakin batura har idon sawu, aka kashe komai kwana biyu ana busarwa. Kamfanin ya ɗaga batura a kan dakali bayan haka, amma magudanar tana nan yadda take, sai ranar da matasan unguwa suka yi gayya.

Ina dagewa a kan wannan ne domin ba alfarma muke nema ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma ƙarara, kuma a cikinsu akwai kafa kasuwanni da kula da su, da gina magudanun ruwa, da fitilun kan titi, da kwashe shara. Rasit kuwa ba ya makara: na haya, na shara, na allon talla, na izinin sana'a. An ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na kuma ji daga bakin manajan cewa bayan zaɓen ƙananan hukumomin Kano na watan Oktoba 2024 sai da suka sake zaman tattauna yarjejeniyar rufin da sababbin shugabanni, kamar ba a taɓa sa hannu a kanta ba. Duk wanda zai zuba kuɗi a kayan da sai sun yi shekara biyar ko bakwai kafin su mayar da uwar kuɗi, idan bai da tabbacin cewa takardarsa za ta wuce wa'adin ciyaman ɗaya, to batir mai arha zai saya, ya cika shaguna a kansa, ya yi sauri ya fitar da kuɗinsa. Ina zargin rabin gajartar darenmu daga nan ta samo asali. Adalci kuma shi ne a faɗi cewa su ma ƙananan hukumomin an daɗe da ɗaure musu hannu da asusun haɗin gwiwa da jiha, inda abin da ke isowa gare su bayan albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya bai taka kara ya karya ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye, Kano tana da 44 daga ciki, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu. A takarda, hanya ta buɗe da ƙaramar hukuma za ta iya zama abokiyar hulɗa ta gaske ga irin wannan kamfani, ta ba da rufi mai ƙwari da yarjejeniyar shekara goma, ta karɓi kaso, ta haska kasuwa da makewayi da shi. A kasuwarmu dai abin da ya sauya shi ne launin rasit.

Mu 'yan kasuwa ma ba mu fita ba. Ƙyallayen da ke toshe magudanar nan wasu daga shagunan teloli suke fitowa, kuma na sha kama yarana suna share su zuwa bakin kwata maimakon buhu. Akwai wanda aka samu ya zagaye mita ya ja waya zuwa firjin lemo da ya ɓoye a bayan labule, akwai mai dafa ruwan shayi da hita da asuba kafin rana ta fito, daidai lokacin da batura suka fi rauni. Wutar layi ta saba mana da tunanin cewa wanda ya saci wuta gwamnati ya cuta, alhali a nan maƙwabcinsa ya cuta, domin abin da ya zuƙa da asuba shi ne abin da zai rage wa kowa da dare. Da aka kama mai firjin, shugabannin kasuwa ne suka je roƙo kada a yanke shi, aka bar maganar a kan ya yi haƙuri ba zai sake ba.

Abu na ƙarshe da ya tsaya mini a rai shi ne makomar matattun batura. Da aka cire kashin farko da suka mutu, na ga an fito da su an jera a bakin hanya, 'yan gwangwan suka zo da sikeli aka auna aka loda a kura. Na san abin da ake yi da su, domin akwai masu wannan sana'a a bayan unguwarmu: a fasa murfin da guduma, a tuntsurar da ruwan batir a ƙasa ko a kwata, a ciro dalmar, wani lokaci a narka ta a fili a kan wutar itace, yara suna wasa a gefe. Mutanen Arewa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan gubar dalma, domin a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, duk da cewa can daga dutsen zinariya ta fito. Guba ce da ba ta da wari ba ta da zafi, tana taruwa a jinin yaro ta taɓa ƙwaƙwalwarsa. Hukumar NESREA, mai kula da ƙa'idojin kare muhalli, ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, amma kafin ƙa'ida ta iso bakin kasuwa sai kamfanin da ya shigo da batir ya ɗauki nauyin mayar da shi inda za a sarrafa shi yadda ya dace. Da na yi wa injiniyan nan maganar, ya sunkuyar da kai ya ce kuɗin da 'yan gwangwan ke biya shi ne ke rage musu tsadar sababbi. Ban ji daɗin amsar ba, ko da yake na yaba da bai yi mini ƙarya ba. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 a 2015, kowane kamfanin sola yana manna tambarin muradi na bakwai, na makamashi mai tsafta, a jikin motarsa. Muradi na sha biyu kuwa, wanda ya shafi abin da ake yi da kaya bayan sun gama aiki, ban taɓa ganinsa a jikin motar kowa ba.

Ga wanda yake shawarar karɓar irin wannan wuta a shagonsa, amsata ta danganta da sana'arsa. Mai aski, mai cajin waya, mai POS, mai kantin magani, mai sayar da yadi da ke buƙatar fitila da fanka, da telan da ke rufe shago da magariba, duk ina ce musu su karɓa ba tare da jinkiri ba, domin za su ga bambanci a aljihu tun watan farko, kuma kunnensu da ƙirjinsu za su huta. Mai firjin ƙanƙara, mai walda, mai niƙa da mai wanki da guga, wannan tsarin ba nasu ba ne sai in an yi musu na musamman. Wanda aikinsa ke kai wa tsakar dare kuma, kafin ya biya kuɗin rajista ya nemi a rubuta masa a takarda ƙarfe nawa wuta za ta kai, wane irin batir ne a ɗakin, shekararsa nawa, shaguna nawa ne iyakar da za a ɗora a kansa, da kuma wanda zai gyara rufi idan ya yi yoyo. Ni ban yi ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba a 2023, domin murnar rabuwa da jarka ta rufe mini ido.

A watan jiya sun sauya rabin baturan da na lithium, sun ƙara farashi kaɗan, sun kuma turo saƙo kafin ƙarin, wanda na ɗauka alama ce ta cewa zamanmu da manajan bai tafi a banza ba. Wuta yanzu tana kai mu sha ɗaya. Na sabunta rajistata ta wata shekara. Janaretan kuwa ban sayar ba kamar yadda na yi niyya a farko. Yana nan ƙarƙashin teburin yanka, kuma na sa babban yarona ya riƙa tayar da shi minti goma duk ranar Juma'a kafin mu tafi masallaci, domin azumi ya kusa.